Takwas ko Uku

...ai ba haka aka gaya masa ba. Allon haruffa aka ce, wanda ake ratayewa a bango, ka rufe ido ɗaya ka karanta. Wannan kam ko a bakin tasha aka kafa shi, Kambai zai karanto har layin ƙasa. To wannan ɗan littafin fa? Daga ina kuma?

Yana kan benci a ɗakin likitan ido a Kafanchan, takardar neman shiga sojan sama a kan cinyarsa, gumi ya fara jiƙa gefenta. Hatimi ɗaya ya rage. Hatimi, sai Kaduna, sai jarrabawa, sai... sai sama. Misbahu, abokinsa tun firamare, shi ke kan kujera yanzu. Likita na buɗe masa shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, shi kuma yana faɗin lambar da ke ɓoye a ciki. Daga nan benci Kambai na hango komai.

"Sha biyu."

Yauwa. Shi ma sha biyu ya gani. Zuciya, kwanta mana.

"Takwas."

Takwas? Uku ne fa. Uku ƙarara! Yana jira likita ya ce a sake dubawa... likita ya gyaɗa kai, ya juya shafi.

Tsoro yake ji, tsoro na gaske, har yatsun ƙafa. Duk unguwa Kyaftin ake kiransa. Ran Lahadi a coci Zumuntar Mata sun ɗora masa hannu sun yi addu'a, ɗaya daga cikinsu, Mama Afiniki, har da guɗa. Ya koma ya ce musu me? Wai akwai aikin ƙasa, gyaran inji, ofis... Ya riƙa goge jirgi Misbahu na tashi da shi?

"Saba'in da huɗu."

Shi ashirin da ɗaya ya gani. Wayyo Allah.

Tumatir — Mama na faɗa, "Na ce nunannu, ka kwaso mini ɗanye!" Daga ranar ya koyi latsawa da yatsa. Ai rashin kula ne, kowa ya ce rashin kula ne... "Miƙo ja!" Baba a bakin layin dogo, shi ke ba jirgin ƙasa hannu, tuta biyu a jingine, ja da kore, Kambai ɗan shekara bakwai ya miƙa ɗaya. Ba ita ba. Ma'aikata suka kwashe da dariya: "Yaronka Hausa bai zauna masa ba tukuna!" Aka bar shi a haka, wai ja da kore ne suke ruɗa shi a baki, kamar duk yaron da ya tashi da yaren gida. Washegari sai ga waya a naɗe a sandar jar tuta. Bai ƙara kuskure ba.

Waya... wa ya naɗa ta?

Baba, wanda aka gwada wa ido kafin a ba shi tuta. Baba bai yi dariya ba ranar. Baba da ya ce, "Ko dai koyarwa, Kambai?" har sau uku. Yau da safe ko kallonsa bai yi ba, takalmi kawai yake ta gogewa. Ya sani. Shekara goma sha biyu ya sani, ya yi shiru!

Sha biyu, takwas, saba'in da huɗu... ya riƙe su. Ya faɗa kawai, hatimi ya sauka. Sannan fa? Wata rana a sama, mutane a bayansa, fitila ja ko kore na walƙiya daga ƙasa — sauka, ko kada ka sauka — wa zai raɗa masa?

"Na gaba."

Kujerar da sauran ɗumin Misbahu. Shafin farko ya wuce. Likita ya lashi yatsa, ya juya.

"Nan fa, samari?"

Uku. Ga shi nan, uku, kyakkyawa, ba ko tantama. Kambai ya buɗe baki...