Ɗan Rakiya

Ilyasu mahauci ya sauko daga babur a ƙofar asibiti dafe da ƙugu, yana nishi kamar tsohon bajimi. Nishin na ƙarya ne. Abakar dillalin shanu, abokinsa tun suna samari a unguwar Poumpoumré, ya kama masa hannu.

"A hankali, mahauci. Ka gama da shanun Garwa, yau kai ne a hannu."

"Rufe mini baki, ɗan kamasho."

Tsiyar ta yi wa Ilyasu daɗi, don rabon Abakar da tsokana tun ranar da ruwan dam ɗin Lagdo ya ci ɗansa Mustafa. Maza sun zo ta'aziyya, sun ce ya yi haƙuri, shi namiji ne, sun watse. Matarsa kuwa har yau mata na zarya ɗakinta, in ta yi kuka su taya ta. Shi ya daina zuwa kasuwar shanu, ya daina cin abin kirki, sai tsayuwa a gadar Binuwai yana kallon ruwa. Kallon nan ne ya hana Ilyasu sakat.

Da ya ji labarin wata ma'aikaciya mai sauraron masu damuwa, ya san ko da igiya Abakar ba zai zo ba. Sai ya ce shi ne ba lafiya, yana neman ɗan rakiya. Dabararsa ita ce ya zayyana ciwon Abakar a matsayin nasa, a faɗi magani, kunnen mai ciwon ya ɗauka.

Ma'aikaciyar, Madam Pélagie, ta gaishe su da Fulatanci, sannan ta juya Hausa. "Baba, wane ne marar lafiyar?"

"Ni ne," in ji Ilyasu, yana ƙyafta mata ido wajen Abakar.

"Idon ne ke ciwo?"

"A'a! Barci ne ba na samu. Abinci kamar dusa. Hirar mutane ta ishe ni."

"Tun yaushe?"

Wannan bai shirya mata ba. Yana lalube, Abakar ya amsa.

"Tun rasuwar matarsa Hindu, Madam. Ki bar shi, ba zai faɗa ba. Kullum in ya yi fiɗa sai ya ware hanta, ya ƙunshe, don ita take so. Sai ya kai ƙofar gida ya tuna, ya miƙa wa maƙwabta. 'Ya'yansu har sun yi kumatu. Ba don na san ciwon gaske ba ne, me zai fito da ni daga gida?"

Ilyasu ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, sai ya fasa. Ya dubi silin, ya dubi takalminsa. Abin kunya, gemunsa ya jiƙe.

"Fankar nan taku ta cika iska," ya ce.

"Babu wuta tun safe, Baba," in ji Pélagie a hankali.

Ilyasu ya share fuska da hannun riga, ya juya a fusace. "Kai kuma mai bakin, me ka ajiye a gada?"

Abakar ya daɗe yana murza carbi. "Gani nake kamar Mustafa zai ɓullo," ya ce. "Wata rana kuma sai in ji kamar in bi shi in duba."

Pélagie ta matso da kujerarta. Ta daɗe tana yi masa tambayoyi, yana amsawa, abin da bai yi wa kowa ba. Daga baya ta ce duk Alhamis maza kan zauna ƙarƙashin dalbejiyar bayan asibiti, kowa ya sauke abin da ke ransa.

"Ni in zauna cikin ƙarti ana kuka?" in ji Ilyasu.

"Ai ka riga kowa farawa," in ji Abakar.

A bakin titi, suna jiran babur, Abakar ya nuna shi da yatsa. "Alhamis zan zo in ɗauke ka. Kada ka ce za ka gudu."

Ilyasu ya so ya gaya masa wanda ya rako wani. Sai ya tuna gada, ya haɗiye.

"To, likita. Amma hantar gobe gidanka zan kai, kuma ba na tashi sai na ga ka cinye."

"Ka dai gasa da kyau. Hannunka ya fara lalacewa."

Babur ya tsaya. Ilyasu ya dafe ƙugu, ya ja nishi, ya bar Abakar ya taimaka masa ya hau.