Soron da Almu Ya Gina a Bayan Mota

A shekarun da kuɗin mai suka ɓarke a ƙasar nan, lokacin da har mai tallan goro yake yawo da rediyo a kafaɗa, Almu magini ya sayi mota. Ƙaramar a-kori-kura ce fara, injinta bai wuce a rungume shi da hannu biyu ba. Ran da aka shigo da ita unguwar Gobarau a birnin Katsina, dattawan da ke zaune a dakali suka taso suna shafa ta suna sa albarka, kamar an kawo jaririya suna.

Almu bai iya tuƙi ba, bai kuma damu ya koya ba. Shi abin da ya sani ƙasa. Ginin soro ya gada kaka da kakanni, kuma ko da yake yanzu aikin bulo da siminti ne ke cika masa aljihu, har gobe in ya ga rufin kwano sai ya taɓe baki ya ce tanda ce aka kifa wa mutane. Sitiyari ya bar wa taubashinsa Sammani, tsohon direba mai bakin tsiya.

Kowa a unguwa ya san dalilin sayen motar. Almu ya biya wa mahaifiyarsa Hajo kujerar Makka, jirgi kuwa daga Kano yake tashi. Gwiwoyin tsohuwar sun daɗe da daina lanƙwasuwa, ba ta iya zaman kujerar mota, rabonta da wuce zauren gida ma an manta. Dole sai a kwance, a baya, a kan katifa. Ga shi kuma lokacin kaka ne, ranar nan mai gasa ƙeya.

Akwai wani abu kuma. Almu ɗan fari ne. Hajo ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. Kakarsa ce ta raine shi. In tana da saƙo, sai ta juya ga wanda ke kusa ta ce, "A hwaɗa ma maginin." Kunya ce, ado ce ga uwa, Almu ya sani. Amma ga shi da furfura a gemu, har yanzu yana ƙishin jin ta yaba wani abu da hannunsa ya yi.

Sammani ya ce, "A ɗaura tamfol kamar kowa, mu tahi."

Almu ya harare shi. "Tamfol? Inna buhun gyaɗa ce?"

Ya sa maƙeri ya kafa masa ginshiƙan ƙarfe a kusurwoyin bodin. Ya rufe gefe da gefe da katako ruɓi biyu, ya cusa ƙasa a tsakani. Sannan ya hau sama ya yi abin da ubansa ya koya masa: ya jera azara, ya shimfiɗa asabari, ya zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai kaurin taƙi, ya dake ta, ya shafe da makuba har tana ƙyalli. Ya bar 'yar taga a kowane gefe. Don kada aiki ya tashi da saura, har ɗan indararo ya sa mata, alhali damina ta riga ta yi sallama.

Gani ya kori ji. Tun daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Kwaya mutane suka riƙa zuwa kallon soro mai taya. Da tsakar rana mutum zai leƙa kansa ciki, ya ji sanyi ya buge shi kamar ya buɗe randa, ya fito yana mamaki. Wani dattijo ya daɗe a ciki, da ya fito sai ya ce lallai zamani ya zo ƙarshe, tunda ɗakuna sun fara tafiya. Sammani kansa, da duk tsiyarsa, sau biyu ana kama shi yana ƙailula a ciki.

Sun gwada ta kuwa, kada a ce ba su gwada ba. Sai dai a cikin birni suka gwada, a lungunan da akuya ke da haƙƙin hanya, inda direba ba ya taɓa wuce giya ta biyu. Bayan motar ya ɗan durƙusa, hancinta ya ɗaga. Almu ya ce ai haka manya suke tafiya.

Saƙo ya zo daga Malam Mamman, ƙanen Hajo da za su tafi tare, wanda ya riga ya yi gaba. Ya ce an kira jirginsu, lallai ta kasance a sansanin alhazai kafin la'asar ɗin gobe, in ba haka ba sai wata shekara. Wata shekara kuwa ga mai shekarun Hajo ba alkawari ba ce.

Washegari da hantsi aka ɗauko ta a kan katifa aka shigar. Ta dubi azarar da ke samanta, ta kai hannu ta shafa bango. Aka yi addu'a, aka shafa, mata na share hawaye, mota ta ja.

Suna fita Ƙofar Kaura suka hau kwaltar Kano, sai gaskiya ta yi halinta. Sammani ya sa giya ta uku, injin ya yi nishi. Ya sa ta huɗu, motar ta fara shaƙewa tana karkarwa, dole ya dawo da ita. Ya take totur har ƙasa, ƙara ta cika kunne, amma masu kekuna suna tafe kusa da su suna gaishe su a tsanake. Iska ta samu bango ta jingina. Duk tirelar siminti da ta wuce, sai soron ya yi tangaɗi, sitiyarin ya yi sakayau a hannun Sammani domin tayoyin gaba da kyar suke taɓa ƙasa. Allurar mai kuwa tana sauka ana kallo.

Sammani ya ce, "Wanga abu ba mota muke ja ba, unguwa ce."

Almu ido ya zuba wa rana.

A 'yar gangarar da jaki ba zai lura da ita ba, lagireto ya tafasa. Suka tsaya, suka jira ya huce, suka zuba ruwa. Aka ɗan taɓa tafiya, ya sake tafasa. Da rana ta take tsaka ko Caranci ba su kai ba, ga tururi na tashi daga gaban mota a karo na uku. Sammani ya daina tsokana, abin da ya fi komai tsorata Almu.

Sai muryar Hajo ta fito ta 'yar tagar, a hankali.

"Sammani."

"Na'am, Gwaggo."

"In Allah bai kira ni bana ba, ku maishe ni gida. Ba laihin kowa ba ne."

Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Almu ya tsaya yana kallon makubar da ya shafa da tafin hannunsa, aikin da duk Katsina ta zo gani, wanda bai taɓa yin mai kyansa ba. Sannan ya tsallaka kwalbati ya nufi wasu manoma da ke girbin dawa, ya yi musu sannu da aiki, ya aro gatari.

Suka sauko da Hajo da katifarta zuwa inuwar wata ɗorawa. Almu ya tuɓe babbar riga ya hau. Bugun farko bai ko yi wa rufin ƙwarzane ba, kuma duk da halin da ake ciki sai da ya ji daɗin hakan. Ya ci gaba da sara yana haɗa gumi da hawaye. Manoman suka ajiye lauje suka zo taya shi zare azara, suna tambayar juna wane irin mutum ne ke rushe ɗaki mai kyau haka. Da bangon ƙarshe ya faɗi, sai motar ta miƙe a kan tayoyinta a gaban idon kowa, kamar raƙumin da aka sauke wa kaya. Wani manomi ya ja da baya yana tasbihi.

Aka mayar da Hajo. Yanzu ba abin da ke tsakaninta da rana. Almu ya ɗaure wuyan babbar rigarsa da hannayenta a ginshiƙan gaba, ya hau baya, ya durƙusa wajen ƙafafun uwarsa, ya kama gindin rigar ya ɗaga sama da hannu biyu.

Sammani ya tayar. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, giya na shiga kamar ana zuba mai a tuwo. Injin nan da ake rungumewa da hannu ya saki wata siririyar murya, itatuwa suka fara gudu da baya. Almu bai taɓa sanin akwai irin wannan ƙarfi a cikin ɗan abin nan ba. Ashe tun safe yana nan, ƙasa ce ta danne shi. Iska na fizgar rigar, kafaɗunsa suka ɗau zafi, suka yi tsami, daga baya ya daina jin su.

"Ɗage gehen nan kaɗan in gani."

Almu ya waiga ya ga da wa take. Sammani na gaba, gilashi a tsakani. Babu kowa a bayan motar sai shi.

Ya ɗage. Gonakin dawa ne jajaye har inda ido ya ƙare, ga shanu, ga rumbuna, ga sama buɗe ba katanga ko ɗaya. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, leɓunanta na motsi.

Ta ce, "Ashe haka duniyar take da hwaɗi. Ka gani kuwa?"

Ya ce, "Na gani, Inna."

Sun shiga Kano ana shirin kiran la'asar. Daidai ƙofar sansani wani jirgi ya taso ta kansu, ƙato, cikinsa fari, ƙararsa na girgiza ƙirji. Almu ya bi shi da kallo baki buɗe, yana tunanin da me aka yi masa rufi har ya iya ɗaga mutane ɗari-ɗari. Malam Mamman ya taho da sauri yana hamdala, ma'aikata suka kawo kujera mai taya.

Da aka zaunar da ita, mutane sun kewaye, Hajo ta ja mayafi ta koma yadda aka san ta. Ta yafito Sammani, ba ta ko dubi inda ɗanta yake ba.

"Ka hwaɗa ma maginin, ɗakinshi ya yi kyau. Amma rumhwa ta biyun ta hi sanyi."

Aka tura ta ciki. Almu ya so ya ɗaga mata hannu, hannun ya ƙi ɗaguwa.