Kofi Uku a Bakin Kasuwa

Tun da madarar kwalba ta kwantar da mutum arba'in a asibiti, babu mai ƙara kallon firjin masu shago. Gwamnati ta rufe masana'anta biyu, ta kafa doka cewa kowane tanki sai an auna shi an buga masa hatimi. Ƙungiyar masu madara ta sayo sababbin tukwanen dafawa. Duk da haka kwalabe na nan jere, kamar an yi musu baki.

Sai aka kira jami'in duba, wanda ya yi wata uku yana leƙa tankuna.

"Mutane ba sa karanta hatimi," in ji shugabarsa. "Gobe a bakin kasuwa za ka sha a gabansu."

Shi tun yana yaro, madara kowace iri in ta shiga cikinsa sai ta tayar da yaƙi. Amma ya ce, "To, ranki ya daɗe."

Washegari shugaban ƙungiya ya cika masa kofi fal. Ya runtse ido ya shanye, aka tafa. Mai ɗaukar hoto ya ce bai samu ba, a sake. A kofi na uku cikinsa ya yi ƙugi har lasifika ta ɗauka. Ya ajiye kofin, ya ranta a na kare zuwa bayan gida.

"Kun gani ko!" wani tela ya kwarma ihu. "Mai hatimin ma ba ta ƙyale shi ba!"

Sai ga gwaggon jami'in, wadda ta zo kallonsa, tana ture mutane da gwiwar hannu.

"Kai tela, rufe mana baki! Ni na raine shi. Wannan ko nonon uwarsa da kyar yake zama masa."

Ta fizgi kwalba ta kafa kai har ƙasa, ta zauna daram a kujerar shugaban ƙungiya.

"Ina nan har yamma. Mai jiran in tashi da gudu ya nemo tabarma."

Aka tsaya gadinta. Ta sa shugaban ya karanta takardar awo layi-layi, inda ba ta gane ba ta ce ya maimaita.

Da jami'in ya dawo yana dafa bango, ya tarar da layi a gaban firji, tela ne na biyu.

"Mako mai zuwa sai ɗaya kasuwar," shugabarsa ta raɗa masa.

"Ranki ya daɗe, a tura Gwaggo."

"A dai tanadi kujera mai laushi," in ji Gwaggo.