Shaidar Lubabatu

Shekara shida Hamidu, ɗan kabu-kabu a Illela, ya yi a gidan yari yana jiran rataya. An same shi da laifin kashe wani ɗan kasuwar albasa a hanyar Kalmalo, ranar wata Lahadi da azahar. Shaida ɗaya ce ta ce ta gan shi: Lubabatu, mai sayar da abinci a bakin hanyar.

Da yayansa ya ɗaukaka ƙara, lauyansu, Barista Sharafuddeen, ya karanta takardun shari'ar tun daga farko. A bayanin da Lubabatu ta fara yi wa 'yan sanda, cewa ta yi ta hango jan babur da bayan wani mai rawani. Sai bayan wata takwas, a gaban alƙali, ta ce fuskar Hamidu ta gani. Alƙalai uku suka ce ba a rataye mutum a kan magana biyu, suka sallame shi.

Kwana uku da dawowarsa ya je rumfarta. Tana ganinsa ta ajiye ludayi.

"Inna, mi na yi miki?" ya tambaye ta.

"Ba ka yi mini komi ba, Hamidu. An yi ta tambayata ko kai ne, har na ɗauka na gan ka. Ka yafe mini."

Ya ce zai yi tunani, ya tafi. Da damina ta faɗi ya koma noma a Darna Sabon Gari.