Bututun Kunnen Auta

Mai gyaran famfo, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya yarda da bututun da ba shi ya ɗaura ba. Shi ya sa ranar da likita ta ce ruwa ne ya taru a bayan tantanin kunnen 'yarsa Auta, ya gyara zama kamar an kira shi aiki.

Auta shekararta huɗu. Sai a kira ta sau uku ba ta waiwayo ba, maganarta ma ta ƙi fita sosai.

Likita ta ajiye ƙananan bututu biyu a tafin hannunsa, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Gajeren nan za mu sa mata, iska ta riƙa shiga. Bayan wasu watanni zai faɗo da kansa."

"Ya faɗo?" Ya dubi matarsa. "Maman Auta, kin ji? Ni in sa bututu ya faɗo da kansa, da sanda za a biyo ni."

"Don Allah ka bar ta ta gama."

"Wannan mai ƙafa biyun fa, Likita?"

"Shi yana daɗewa, har shekaru. Amma wani lokaci in an cire shi, hujin ba ya rufewa."

Ya ɗaga dogon yana duba shi a hasken taga. Aiki ne mai kyau, ya kama ta ciki, ba ya motsi. Ransa ya biya. Har ya fara tambaya ko akwai roba a bakinsa, matarsa ta taka masa ƙafa.

Sai ya dubi Auta. Tana zaune tana kallon bakunansu ɗaya bayan ɗaya, tana murmushin wanda bai ji komai ba.

"Bango ba ya haɗe kansa, Malam," in ji likita. "Kunne kuwa yana yi, in an ba shi dama."

Ya ajiye dogon.

"To, a sa mai faɗowar. Amma kada abokan aikina su ji."

Kwana biyu bayan aikin suna karyawa, Auta ta tsaya cak da cokali a hannu, ta karkata kai.

"Baba, mene ne ke yin ɗis, ɗis?"

Famfon kicin ne. Shekara uku yana ɗiga, kullum gobe.

Matarsa ta yi dariya har ta ƙware. Shi kuwa ya tashi neman sifana, ya daɗe a bayan ƙofa yana goge ido.