Ƙafafun Gaba

Auta likitar dabbobi ce, kuma yawancin masu kiranta suna bayan dutse, inda kwalta ta ƙare. A-kori-kurarta ba ta da laifi sai ɗaya: gabanta ya yi ƙasa. Duk dutsen da ya ɗago kai a hanya sai ya gaisa da cikinta. Ranar da wani dutse ya fasa mata tukunyar baƙin mai, aka jawo motar zuwa garejin gida.

Garejin na mutum biyu ne, Kawunta da Yayanta, kowa da akwatin sifanunsa da kwaɗonsa.

Kawu ya leƙa ƙarƙashi ya fito yana karkaɗe riga. "Waɗannan ƙafafun gaba, kowace taya da nata ra'ayi, wasan yara ne. A cire su duka, a sa aksil guda, sandan ƙarfe daga taya zuwa taya. In tayar dama ta hau dutse, cikin motar ya bi ta sama."

"A yanka mota lafiyayya?" in ji Yaya. "Ɗaga ta kawai za a yi, a sa dogayen sifirin da shokazoba. Kwalaben allura take ɗauka, Kawu, ba buhunan siminti ba."

"Ka ɗaga ta, shaf ɗin da ke juya taya ya karkace, ya karye mata a daji."

"Ku sa sandanku, sitiyari ya riƙa rawa kamar mai zazzaɓi."

Abin haushin, duk wanda ta saurara sai ta ji gaskiya a bakinsa. Ta ce su zaɓa mata. Suka haɗa baki, karo na farko a ranar: "Ai motarki ce."

Ta ce to a ɗaga. Kawu ya daina amsa gaisuwarta. Ta koma ta ce a sa aksil. Yaya ya ce ba komai, shi dama tun tana goyo ba a ɗauki maganarsa a bakin komai ba. Da yamma Inna ta kira ta a waya: "Ke Auta, kar ki haɗa min ƙane da ɗa faɗa a kan ƙarfe."

Motar ta zauna a kan jek, ba tayoyin gaba, kamar raƙumin da ya durƙusa. Kaza har ta fara ƙwai a bayanta.

Auta ta koma aron babur. Wata safiya aka kira ta, saniya ta kasa haihuwa. An kwana ana ruwa. Babur ya kayar da ita a gangare, ta tashi, ya sake kayar da ita, ta ƙarasa a ƙafa da jaka a ka. Ta ceci uwar, amma ɗan maraƙin ya riga ya mutu a ciki. Mai saniyar ruwan wanke hannu kawai ya miƙo mata. Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Daga can gareji ta wuce, da taɓo har gira.

"Na gama shawara. A ɗaga ta. Wanda zai yi fushi ya yi, ni dai gobe a kan tayoyinta nake son ganinta."

Kawu ya shiga goge sifanar da ba ta da datti.

"Kawu, lafiya?"

"Wato… maƙalin ƙafar hagu, na ɗan yanke shi. Don in auna ne kawai."

Ta zagaya hagu. An yanke shi tas, har an goge wurin yana ƙyalli. Ta zagaya dama, sai ga sabon sifirin dogo, an ɗaure shi tamau. Ta dubi Yaya, ya dubi rufin kwano.

Ashe kowa in ɗayan ya fita cin abinci sai ya yi aikinsa a ɓangarensa.

Ta zauna a kan tsohuwar taya. Ta so ta yi kuka, dariya ta tare hanya, ita ma ba ta fito ba.

"Abin da aka yanke yana komawa?"

"Yana komawa," in ji Yaya a sanyaye, "amma ba zan bar ki ki hau dutse a kansa ba."

Haka aka sa aksil, ba don kowa ya ci gardama ba. Idon Kawu ba ya iya hasken walda yanzu, dole Yaya ya yi ta da hannunsa, yana yi yana tsaki, Kawu na tsaye a kansa yana cewa bai miƙe ba.

Motar ta fito. Tana hawa dutse kamar akuya. A kan kwalta kuwa, kowane rami sai Auta ta ji shi a haƙoranta, kuma sai da ta naɗe kwalaben allura cikin tawul ɗaya bayan ɗaya.

Da ta kawo ta juyen mai, su biyun suka taso.

"Ya hanyar dutse?" in ji Kawu.

"Ya bayanki?" in ji Yaya.

Ta ajiye makulli a kan boneti, ta ce in sun gama su kira ta, ta tsallaka titi neman man zafi.