Shelar da Ba Ta Kai Sabon Layi Ba

A shekarar 1990, duk wanda ya ji lasifika na tashi daga wajen tashar motar Salaga ya san Sualihu ne ya fito da saƙon ofishin gunduma. Shekararsa shida ke nan a wannan aiki. Awudu ke tuƙa motar, wata tsohuwar Landiroba mai lasifika biyu a ka, shi kuma Sualihu yana gefe da takarda a hannu. Ya faɗi saƙon da Hausa, ya maimaita da Gwanjanci, ya ƙara da Dagwambanci. Ranar da za a zuba magani a rijiyoyi, ranar gayyar share kwata, ranar da malamin dabbobi zai duba shanu, duk daga bakinsa gari ke ji. Yawancin mutane ba sa karanta takardun da ake mannawa a allon ofis, saboda haka abin da Sualihu bai faɗa ba, kamar ba a yi shi ba ne.

Wata Laraba a watan Janairu, shugabansa ya miƙa masa takarda mai sunayen unguwanni goma sha ɗaya. Ma'aikatan lafiya za su zo daga Tamale washegari Alhamis, su yi wa yara allurar riga-kafin ƙyanda a filin makarantar firamare. Kwana ɗaya kawai za su yi, don ƙanƙarar da ke akwatunan maganin ba ta wuce haka.

Kafin azahar sun gama unguwanni tara. Suna tsaye a bakin kasuwa Awudu na zuba wa mota ruwa sai ga Alhaji Abdul-Rahim, kawun Sualihu, yana sauri har babbar rigarsa na jan ƙasa. Shi ya riƙe Sualihu tun rasuwar mahaifinsa, shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa aure.

"Allah ya kawo ka," in ji Alhaji. "Motar Makango ta lalace a tasha. Jibi ake ɗaurin auren 'yar ƙanena a Kumasi, ni ne waliyyi. In na rasa jirgin ruwan da ke ƙetarawa daga Makango zuwa Yeji yau, sai gobe da yamma, kuma ba tabbas."

"Kawu, motar gwamnati ce. Kuma akwai sauran unguwa biyu."

"Unguwa biyu za su gudu ne? Ka kai ni bakin ruwa ka dawo. Kafin la'asar kana gari."

Sualihu ya dubi Awudu, Awudu ya ɗaga kafaɗa. Sualihu bai taɓa ce wa kawunsa a'a ba, kuma a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo, bai ga ta inda zai fara ba. Aka loda doya talatin da jaka biyu a baya, suka kama hanya.

Sun sami jirgin. A hanyar dawowa ce taya ta fashe, ga ta ajiya ba iska. Sai da wata motar kifi ta tsaya ta taimaka musu, suka shigo Salaga ana kiran magariba. Suka bi ta unguwa ta goma a gurguje, ya faɗi saƙon sau biyu. Ta goma sha ɗaya ita ce Sabon Layi, gidaje kamar ashirin da biyar a bayan karar shanu, can ƙarshen gari. Awudu ya nuna masa agogon man motar, mai ya kusa ƙarewa.

"In muka je, a can za mu kwana," in ji shi.

Sualihu ya yi tunanin ya tashi da asuba ya taka da ƙafa ya gaya wa limamin unguwar. Tafiyar minti arba'in ce. Sai kuma ya ce wa kansa ai mata na haɗuwa a rijiya da kasuwa, labari zai kai. Da safe ya sa alamar biro a gaban sunayen goma sha ɗaya duka, ya ajiye takardar a teburin shugabansa.

Labari bai kai ba. Daga Sabon Layi yara uku kaɗai aka kawo, su ma don iyayensu na da rumfa kusa da makarantar ne.

Da zafi ya kankama a watan Maris, ƙyanda ta shigo gari. A sauran unguwanni ta taɓa yaro nan, ta taɓa can, ta wuce. A Sabon Layi kuwa gida gida ta bi. Yara biyu suka rasu a mako guda.

Wakilin unguwar a majalisar gunduma ya zo ofis da zafinsa, ya ce mata sun rantse ba su ji mota ba. Shugaban ya kira Sualihu, ya ɗora takardar a kan tebur a gaban wakilin.

"Wannan hannunka ne?"

"Hannuna ne, ranka ya daɗe."

"Kun je Sabon Layi?"

Sualihu ya dubi takardar. "Abin da ke takarda shi ne," ya ce.

Shugaban ya juya ga wakilin. "To ka ji. Matanku ne ba sa saurara. Suna daka, suna hira, mota ta wuce su ce ba ta zo ba."

Wakilin ya fita jiki a sanyaye, kuma maganar ta bi shi har unguwa. Mazan Sabon Layi suka koma kan matansu.

Akwai wata mata 'yar unguwar, Abibatu, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar ofishin. Kullum a wurinta Sualihu ke karyawa, kuma takan ƙara masa ƙosai ɗaya ta ce na maƙogwaro ne. Takan zo da 'yarta Zalia, mai shekara biyu, ta zaunar da ita a kan buhu a gindin tebur. Da ƙyandar ta shigo, kwana goma sha biyu teburin na jingine da bango ba kowa. Ran na sha uku, Sualihu ya gan ta a harabar asibiti lokacin da ya kai wata takarda. Tana zaune a kan benci da yarinyar a cinya, an rufe mata fuska da ɗankwali saboda haske.

Ya so ya wuce, amma ta riga ta gan shi.

"Malam Sualihu, ina kwana."

"Lafiya lau. Yaya mai jiki?"

Ta ɗaga ɗankwalin kaɗan. Ƙurajen sun bushe, fatar na saɓa. Idon hagu ya yi fari kamar an ɗiga masa nono, na dama a kumbure yana ruwa.

"Zazzaɓin ya sauka," ta ce. "Idon ne. Nas ta yi mini faɗa sosai, ta ce da na kawo ta allura da ba haka ba." Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "Ni na rasa inda nake ran da kuka yi shelar. Na yi ta tunani. Na tashi kasuwa da hantsi, na koma gida, na wanke gero, ban fita ba. Ko barci ne ya ɗauke ni? Muryarka ko a cikin barci na san ta. Uwar mijina ta ce neman kuɗi ya toshe mini kunne. Mijina Mutala kwana tara bai yi mini magana ba. Wataƙila gaskiyarsu ne."

Ba tuhumarsa take ba. Ko kallonsa ba ta yi, hankalinta na kan yarinyar. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya fita ta ƙofar baya, ya manta da takardar da ya kawo a aljihunsa.

Kwana huɗu ya yi yana fita aiki kamar kullum. Yana riƙe da abin magana yana shelar cewa a ware yaran da suka kamu, a daina tura su makarantar allo, yana jin muryarsa na dawo masa daga bangon gidaje kamar ta wani. Matarsa ta tambaye shi ko cikinsa ne, ganin tuwo na dawowa yadda ta kai. Ya gaya wa Awudu abin da ya gani a asibiti.

"Ka bar maganar nan," in ji Awudu. "Yaran da suka tafi sun tafi, kwanansu ne ya ƙare. In ka buɗe baki, ni ma ka jawo mini. 'Ya'yana biyar."

"Zan ce ni na sa ka."

"Kai ka sa ni mana. Amma wa ya riƙe sitiyari?"

Ran Litinin bayan azahar, Sualihu ya taka da ƙafa zuwa Sabon Layi. Ya sami Mutala, mijin Abibatu, a zauren gidansu yana wasa wuƙaƙe, don mahauci ne. Suka gaisa. Sualihu ya ƙi hawa tabarma, ya tsuguna a ƙasa.

"Na zo da magana ne a kan allurar nan. Motar ba ta zo unguwarku ba. Ni na karkatar da ita zuwa Makango don wata buƙata ta gidanmu, muka dawo ba mai. Na rubuta cewa mun zo. Da aka tambaye ni a ofis, na sake yin ƙarya. Matarka ba ta ji ba ne don babu abin da za ta ji."

Mutala ya ajiye wuƙar a hankali, ya goge hannu a riga.

"Ka san abin da na gaya wa matar nan?" ya ce. "Na ce mata in idon yarinyar ya tafi, ita ta cire shi da hannunta."

Mutala ya miƙe tsaye.

"Ba ni za ka gaya wa ba. Tashi."

Ya kai shi cikin gida, inda mahaifiyarsa ke zaune tana tsince wake, Abibatu kuma na bakin ɗaki da yarinyar. Sualihu ya maimaita, kalma bayan kalma. Tsohuwar ta ce innalillahi, ta ture farantin gefe. Abibatu ta saurara har ƙarshe.

"Da ka gan ni a asibiti, ka sani?" ta tambaya.

"Na sani."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki yarinyar ta shige ɗaki.

Bayan sallar la'asar Mutala ya tsayar da jama'a a masallacin unguwar, Sualihu ya faɗa a karo na uku. Ubannin yara biyun da suka rasu suna sahun gaba. Ɗaya ya miƙe ya fita ba takalmi. Ɗayan, wani dattijo mai kiwon tumaki, ya ce da muryar da da ƙyar ake ji, "Na saki uwar yaron shekaranjiya." Liman ya riƙe hannun dattijon, ya ce wannan magana za su zauna a kanta. Aka watse, ba wanda ya taɓa Sualihu, ba kuma wanda ya yi masa sallama.

Washegari ya je gaban shugabansa. An dakatar da shi wata uku, an dakatar da Awudu wata ɗaya, kuma daga ranar Awudu ya daina amsa gaisuwarsa. Alhaji Abdul-Rahim ya zo gidansa da ya ji, ya zauna a kan kujera yana juya carbi.

"Me ya hana ka ce mini maganar yara ce? Unguwa biyu kawai ka ce."

"Na ji nauyinka, Kawu."

"Ni ma ban tambaya ba," in ji Alhaji.

Shi ya nemo wani direban motar hatsi da ke bi ta Yendi zuwa Bawku, inda akwai asibitin ido, ya roƙe shi ya ɗauki Mutala da Abibatu da yarinyar a gaba. Sualihu ya nemi ya raka su, Mutala ya ce ba buƙata. Sun yi mako biyu a can. Likita ya ceto idon dama, ya ce na hagu an makara. Matar dattijo mai tumaki ta koma ɗakinta kafin iddarta ta cika. Mahaifin ɗaya yaron kuwa ya kwashe iyalinsa ya koma Makango kamun kifi.

Da wata ukun ya cika, ba a mayar da Sualihu kan mota ba. An ba shi tebur a wani ƙaramin ɗaki a bayan ofis, inda ake rubuta takardar haihuwa. Abibatu ta mayar da sana'arta bakin tasha, saboda haka ba sa haɗuwa. Sau da yawa yakan yi niyyar zuwa ya tambayi lafiyar yarinyar, ya kai har kwanar tasha, ya juyo.

Bayan shekara biyu, wata safiya ya ɗago kai ya gan ta a kan layi, da jariri a goye, Zalia na riƙe da gefen zaninta. Yarinyar ta yi tsawo. In za ta kalli abu sai ta karkata kai gaba ɗaya zuwa hagu, don idon dama ya samu gani. Haka ta karkata tana kallon hatimin da ke kan teburinsa.

"Ina kwana, Malam Sualihu," in ji Abibatu.

"Lafiya lau. Barka da arziki. Yaya mutanen gida?"

"Lafiya. Sunansa Abdulai. Ran Talata aka haife shi, bakwai ga wata."

Ya fara rubutu, ya ɓata layin farko. Ya yage takardar ya ɗauki wata. Ta tsaya tana jira. Da ya gama ya buga hatimi, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ninke ta, ta soke a bakin zani, ta kama hannun Zalia suka fita.

Mutumin da ke bayanta ya matso ya ajiye katin asibiti a kan tebur, ya ce nasa tagwaye ne.